Garmar da Kamshat Ta Ƙwace

"... lafiya lau, Nagashi. Amma me nake gani haka? Ashe likita da bango ya yi magana?"

Ina jingine da shingenmu na ji muryar Kamshat, 'yar ƙanwar maƙwabcina Tolegen. Nagashi take ce masa, wato kawu. Tsohon nan taurin kai kamar jaki. Wata biyu da yi masa tiyata a gadon baya, an ce ko buta kada ya ɗaga, ga shi ya rungumi garmar ƙaramar taraktarsa zai kai ta lungun gareji kafin dusar ƙanƙara ta sauko. Ni na yi magana har na gaji.

"Wa ya buɗe wa ɓarauniya ƙofa?" in ji shi. "Ku ɓoye cokula!"

"Cokulanka duk sun lanƙwashe kamar mai su. Ajiye ƙarfen nan."

"Komai lalacewar giwa ta fi kwando goma, yarinya. Na taɓa ɗaga tarakta da hannu ɗaya ina shan shayi da ɗayan."

"Shi ya sa yanzu ake ɗaura maka takalmi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga katako mai taya na kawo, a zame ta a kai, a tura."

"Keken guragu? Garmata ba gurguwa ba ce."

"Mai ita ne zai zama gurgu."

Ya yi dariya, amma bai saki ba. Ya ƙara sunkuyawa, fuskarsa ta yi fari.

A al'adar mutanen nan, ɗan 'yar'uwa, mace ko namiji, yana da damar ɗaukar abin da ya ga dama a gidan kawunsa har sau uku, ba a hana shi. Kamshat ta ci biyu. Ta ukun kuwa kowa ya san inda ta ajiye ta: sirdin kakanta mai azurfa, wanda ke rataye a garejin nan.

"Nagashi, sau nawa na ɗauka?"

"Biyu. Ɗan maraƙina da agogona. Allah ya isa."

"To, yau zan cike."

Ya dubi sirdi. "Ɗauki. Na san ranar za ta zo."

"Garmar nan nake so."

"Wannan tsatsar? Ke da kike zaune a bene hawa na tara? A kan gado za ki yi noma?"

"Ina ruwanka? Tawa ce. Cire hannunka daga kayan mutane, tsoho."

Ya miƙe a hankali, hannu a ƙugu. Ta sa sandar ƙarfe ta banƙara garmar, ta zame ta kan katako, ta tura har lungu, ta tokare tayoyin da bulo. Sai gumi take yi.

"Aro na ba ka," ta ce. "Ka yi noma da ita, amma ranar da ka ɗaga ta, kotu."

"Kin yi wauta. Kin sayar da azurfa kin sayi tsatsa."

"Sirdi ai rataye yake, ba ya ciwon baya. Kawu nawa ne da ni?"

Tolegen ya hau laluben aljihu yana neman hankici. Can ya fashe da dariya.

"Sauko da sirdin nan ki tafi da shi, ɓarauniya. Ni an hana ni ɗaukar kaya."