Ta'aziyyar da na yi wa Alhaji Bawa

A zamanin da sai an jona layin tarho kafin a shiga intanet, muna da wani zauren tattaunawa na Hausawa, wasu a Jidda, wasu a gida. Ni ne mai rubuta ta'aziyya a zauren, kuma ina ji da kaina, don an sha ce min rubutuna yana sa hawaye.

Alhaji Bawa tela ne a unguwar Sharafiyya, nan Jidda, kullum sai ya leƙo zauren ya yi sallama. Sai aka yi sati biyu ba a ji ɗuriyarsa ba. Na bi ta gidansa, na hango an jera kujeru a kan titi, irin na zaman makoki. Ban tambayi kowa ba. Na dawo na rubuta ta'aziyyarsa a zauren, na zuba masa yabo, har na ce da ni aka yi masa salla a Harami.

Kafin azahar, labari ya isa Zariya, mahaifiyarsa ta suma. Ashe maƙwabcinsa ne ya rasu, shi kuwa yana Madina ziyara.

Washegari sai ga amsarsa a ƙarƙashin addu'o'in jama'a: "Amin, na gode. Amma Malam, da kuka yi min salla, wane ne liman?"

Har yau, ko a kasuwa ya hango ni, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ina nan da raina, Malam. Halas, ya isa haka, kar ka rubuta komai."