Sifili Sau Uku

A majalisarmu ta Haɗeja muna buga gasar ƙwallon waya, kowa ya haɗa 'yan wasansa yana tara maki. Akwai wata dama da ke ninka makin kyaftin sau uku, sau ɗaya tak ake amfani da ita, don haka ana adana ta kamar irin shinkafa. Ni kuwa manomin cikinsu, tun makon farko na ce zan saki tawa.

"Yaya, kar ka riga malam masallaci, yanzu aka fara kakar wasa," in ji ƙanena Sale.

"Kai me ka sani? A fadama wanda ya riga dashe shi ke riga girbi!"

Har miƙewa na yi ina musu lacca.

Ranar wasa kyaftin ɗina yana benci. Daf da tashi aka sako shi, bai taɓa ƙwallo ba ya take ƙafar wani, aka ba shi kati. Maki sifili.

Malam Habu mai koyar da lissafi ya gyara tabarau. "Manomi, sifili sau uku nawa ne?" Sale har da faɗuwa daga benci don dariya.

Har yau in na zauna wurin mai shayi, sai ya ɗaga cokali babu komai ciki, ya juye min sau uku. "Sukarin ya isa, ko in ƙara?"