Remok ɗin Sarkin Almakashi

Jama'a, ranar Talatar nan na tura mota har takalmina ya tsinke, kuma motar ma ba tawa ba ce. Ta maƙwabcina Lawwali ce, wata farar hiyas da ya sha rani yana dako a Kano kafin ya mallake ta. Ita ke ciyar da gidansa da na tsohuwarsa, shi ya sa in ta yi tari, shi zazzaɓi yake yi.

Aiki aka ba shi. Zai ja remok, wato tirelar da ake ɗaura wa mota a baya, lulluɓe da tamfol daga nan Matameye zuwa wani ƙauye bayan Yauri, inda Mai Girma Sarkin Almakashi, bawan Allahn da aka yi wa baiwar yanke ƙyalle, zai buɗe sabon famfo. Ni kuwa na maƙale a baya don in gaida ƙanwata da ke zaune a ƙauyen. A gaba kusa da Lawwali akwai wani ɗan boko da ake kira Mushe Iliyasu, mai riƙe wa Mai Girma jaka, da kwat da tabarau a cikin wannan zafi.

Tun safe Lawwali ke layin esans a gidan mai. Da layi ya zo kansa aka ce ya ƙare, saura na ayarin manya. Sai na kwalba ya saya a bakin hanya, mai launin shayin da aka maimaita.

Muna barin gari mota ta fara nishi. Lawwali ya taka totur har ƙasa, inji ya yi gurnani kamar zai tashi sama, amma wani dattijo a kan amalanke ya wuce mu, har ya ɗaga mana hannu ya ce Allah ya sawwaƙe.

"Direba, wace irin tafiya ce wannan?" in ji Mushe Iliyasu.

"Ranka ya daɗe, ba halinta ba ne. Buhunan gero take ja ranar kasuwa, ko a jikinta. Me ke cikin remok ɗin nan?"

"Kayan ci gaba ne. Kai dai ja."

Lawwali ya tsaya, ya kira Ummaru makanike a waya. Ummaru ya iso kan kabu-kabu, ya kasa kunne, ya ce ai ko tantama babu, hancinta ne ya toshe. Ya ciro matatar iska ya kaɗe, ƙasar da ta zubo ta isa shuka gyaɗa. Aka tayar, aka ja. Tana nan yadda take. Ya ce to esans ne, an haɗa shi da kananzir. Ya zuƙo da tiyo, ya kuskure baki ya tofar, ya wanke matatar mai. Shiru. Ya kwance buji ya kankare. Ya harbi tayoyi da ƙafa, ya shiga ƙarƙashin remok ya duba ko birki ne ya kama. Ya fito da baƙin mai har gira ya ce, "Lawwali, anya ba baki aka yi mata ba?"

Sai aka zare remok don gwaji. Hiyas ta zabura kamar an sako ɗan maraƙi. Aka mayar, ta koma tsohuwa mai ciwon gwiwa.

Da Lawwali ya kai hannu zai ɗaga tamfol, Mushe Iliyasu ya tare shi. "Kul! Sai Mai Girma ya yaye da hannunsa."

Haka muka ci gaba, ni da Ummaru muna turi, har muka iso wani kwarin yashi kusa da 'yan bukkoki. Nan ta kafe. Wani ƙauri ya taso daga ƙarƙashinta, Ummaru ya ce kuloci ne ke cin kansa. Lawwali ya kashe inji, ya zare makulli, ya sa a aljihu. Na san shi tun muna yara, ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba.

"Ranka ya daɗe, in ta ƙone, kai gobe wata motar za ka hau. Ni yarana me za su ci?"

Ana cikin wannan sai ga mata sun dawo daga rijiya mai nisa, jarkunansu rabi-rabi. Jakin wata dattijuwa, Inna Sa'a, ya ƙi gaba, ya cusa kai ƙarƙashin remok yana lasa. Ta sunkuya, ta shafa, ta kai yatsa baki.

"Ɗan nan, ruwa kuke zubarwa a ƙasa?"

Kafin Mushe ya buɗe baki ta fizge tamfol. Inna Sa'a ba ta san ana jiran hannun Mai Girma ba. Sai ga ƙaton tanki cike taf da ruwa, ga guntun bututu mai sabon kan famfo, ga zana, ga jan ƙyalle. Ashe dabarar manya ke nan, kuma wallahi ta cancanci yabo: a kafa bututu a ƙasa, a ɓoye tanki bayan zana, Mai Girma ya murɗa, ruwa ya zubo, a ɗauki hoto. Da yamma a kwashe a yi garin Kance da su, a sake buɗewa. Mu da ba mu yi lakkwal ba, wato boko, da sai mu ɓata lokaci wajen haƙa rijiya.

Wayar Mushe Iliyasu ta yi ƙara. Ya cire tabarau, ya rusuna wa wayar, yana ta "To, ranka ya daɗe. Muna dab, ranka ya daɗe." Ashe ayarin Mai Girma ya taso. Mushe ya dubi yashi, ya dubi aljihun Lawwali.

"A rage kaɗan. Kaɗan fa na ce!"

Inna Sa'a ta rangaɗa guɗa. Ban san inda mata suka fito ba. Tulu, bokiti, ƙwarya, har tukunyar tuwo. Mushe yana ihun ya isa, ana ce masa, "To, ɗana, saura wannan." Da ya tare bakin tiyon tankin da hannu, wata ta miƙa masa goyonta ta ce ya riƙe mata. Ya riƙe kuwa. Jakin ma ya sha ya ƙoshi.

Lawwali ya murɗa makulli. Hiyas ta haye yashin nan ko tari babu, sai da ya taka birki ya jira ni.

Mun riga ayari isa. Aka kafa bututu, aka ja zana, aka ɗaura ƙyalle. Mai Girma ya sauko da ƙamshin turare, ya yanke, maroƙa suka ɗauka. Ya murɗa kan famfo. Famfo ya yi fito, ya yi gyatsa, ya ɗigo a kan takalminsa, ya yi shiru. Amma babba babba ne. Ya juyo ya ce wannan iskar da muka ji shaida ce ruwa na nan tafe a baya. Aka tafa. Ƙanwata ma ta tafa, da tulunta a gefe babu komai ciki.

Na ji an ce za a kafa kwamiti ya binciki raunin injin Lawwali, wanda ya kawo wa ci gaba cikas. Shi dai ya wanke motarsa, ya koma ɗaukar gero.

A hanyar dawowa Inna Sa'a ta tare mu da ƙwaryar fura. Ta ce mu isar wa Mai Girma da gaisuwa, Allah ya ƙara masa famfunan buɗewa, ko a wane ƙauye ne. Roƙonsu ɗaya: kar a kuskura a gyara musu hanyar nan.