Gaisuwar Da Ta Cinye Mini Diyya

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na durƙusa a zauren Malam ba.

A shataletalen Mokola motar wani kamfani ta kwashe babur ɗin okada da na hau. Wuya da baya suka taɓu, ciwo na gaske. Ni tela ne a Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa, amma zama kan keken ɗinki ya gagare ni, salla ma a kujera nake yi. Na gaji da zaryar asibiti, na gaji da abin tallafe wuyan nan mai shaƙe mutum. Abin da nake nema kawai kamfanin ya ɗauki nauyin maganina.

Da ƙyar suka yarda su turo wakili a yi sulhu a zauren Malam, wanda ya koya mini karatu tun ina ƙarami. Lauyata, wata Bayarabiya mai faɗan tsiya, ta ja mini kunne: "Ka ji ko, oga tela? Ban da sunkuyo. Abin da likita ya ce, shi za ka faɗa."

Na shiga ina dafa bango. Ina ɗaga ido na ga Malam a kan buzunsa, wallahi ban san lokacin da na zube ƙasa ba (jikin da ya saba tun yarinta ba ya neman shawarar lauya). Azaba ta tsarga mini har ƙwaƙwalwa, amma wa zai yi ihu a gaban Malam?

"Yaya jikin?" in ji shi.

"Da sauƙi sosai, Malam. Alhamdu lillahi."

Wakilin kamfanin, wani Bayarabe, ya washe baki. Ashe a Kano ya yi hidimar ƙasa, Hausa a bakinsa tar.

"Pele o," ya ce, wato sannu da Yarbanci. "Mun gode Allah da ka warke."

Lauyata ta dafe kai. Ni kuwa tashi ya gagara, kunya ta hana ni faɗa. Haka na zauna a durƙushe har aka watse, mutumin yana ta yaba ƙarfin bayana. Sai da ya tafi aka ciccibe ni zuwa gida. Maganar diyya a nan ta mutu.

Har yau bayan yana ciwo. Amma yanzu duk wanda ya ce mini yaya jiki, sai na duba wa ke zaune kusa da shi kafin in amsa.