Muryar da Ta Tafi da Kwamfutar Ofis

"...lafiya ƙalau, sai ciwon gwiwa da miji marar zuwa. Kai kuma wace iska ta kwaso ka da hantsin Talata?"

Tsohuwar tana zaune a bakin gado, jikanta na tsaye a ƙofa da kwali a hammata. Shekara shida ke nan yana aiki a wani katafaren kamfanin fasaha, hawa na tara, a sashen da ke adana bayanan jama'a don kada su salwanta. Asabar ce ranar zuwansa. Yakan zo da kwamfutar ofis ya kunna mata muryar marigayi mijinta, minti goma sha ɗaya da ya ɗauka a asibiti shekara biyu da suka wuce. Minti na ƙarshe tsohon raɗa yake yi, kunnenta kuma ya yi nauyi, bai taɓa kama mata shi ba. Shi ya sa makon jiya ta aike shi ya sayo ƙaramar lasifika.

"Kewarki ce, amarya. Na ce bari in zo kafin wani ya riga ni."

"Wa zai riga ka? Duk masu sona suna kwance, sai kai, ragowar zaɓe. Wannan kwalin fa?"

"Dukiyata ce kaf na kawo miki."

Ta leƙa ciki. Kofi ɗaya, rigar sanyi mai tambarin kamfani, ɗan fure a tukunyar roba, sai lasifikar a cikin ledarta.

"Shekara shida, kofi da fure! Kakanka da keke ya fara nemana."

"Keken da ba birki. Ke kika faɗa mini a kwata ya zubar da ke."

"Ya zubar da ni, amma ya tsaya ya ɗaga ni. Kai da saƙo za ka turo: 'Ina cikin taro.' Wane irin gida ne wannan, sun ba ka abinci kyauta da kujerar lilo don ka manta kana da kaka?"

"Sun ce mu duka dangi ɗaya ne."

"Dangin da sai da kati ake shiga wajensu? Miƙo lasifikar in gani. Wannan 'yar mitsitsiyar? Ko sauro ya fi ta murya."

"Ƙaramin goro ya fi babban dutse, tsohuwa."

"To kunna mini mutumina. Yau sai na ji abin da yake raɗawa, ko wata ya ambata in bi shi in ji dalili."

Saurayin ya ajiye kwalin a ƙasa, ya zauna kusa da shi. Ya shiga jujjuya wayar lasifikar a yatsa.

"Labarin zuciya a tambayi fuska," in ji ta. "Ina jakar kwamfutar?"

"Da safe na ɗora katina a ƙofa, fitilar ta nuna ja. Na sake, ja. Maigadin da muke gaisawa kullum ya kafa ido a kan takalmina. Ashe tun ƙarfe shida saƙo ya shigo, ban buɗe ba. Mu dubu uku ne."

"Sun kore ka."

"Ba su ce kora ba. Sun ce an sake fasali."

"Ko an ce wa wuƙa cokali, yanka take yi. Bar su! Da ma sun tsotse ka kamar rake. Kwamfutar fa?"

"Ƙa'idarsu ce, Kaka. Duk wanda aka sallama, ana goge na'urarsa daga nesa tun kafin ya karanta takardar. Na buɗe ta a ɗakin da aka tara mu, babu komai. Na roƙi matar ofishin ma'aikata, na ce akwai muryar kakana a ciki. Ta buɗe takarda ta nuna mini inda na sa hannu cewa ba zan ajiye abin kaina a kayansu ba."

"Wayarka fa?"

"Wadda na ɗauka da ita ta fashe bara. Kullum cewa nake gobe zan kwafa."

A waje ana jin injin wankin maƙwabta yana juyawa. Tsohuwar ta daɗe tana kallon lasifikar a tafin hannunta.

"Kai ne ka ce mini aikinka shi ne komai na mutane ya zama yana da kwafi uku."

"Ni ne."

"Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Ka ɗauki mijina ka kai shi ajiya gidan aro! Kayan aro ba ya rufe katara, ba a koya muku a hawa na tara ba?" Ta gyara murya da tari. "Ni dai na gane. Kishi ne. Yana raye ka kasa ƙwace ni, shi ne ka bi shi ka toshe masa baki."

Ya sa fuska a cikin rigar sanyin kamfanin, kafaɗunsa na rawa.

"A'a, ban auri mai kuka ba. Ɗago. Fito da wayarka. Taka ce ko tasu?"

"Tawa ce."

"Danna wajen ɗaukar murya."

Ya danna. Ta gyara zama, ta kumbura murya irin ta marigayin. "'Wannan abin yana ɗauka kuwa?'" Ta yi tari sau biyu, daidai inda yake yi. "'Ke, gaya wa wannan ragon ya daina kallona kamar na ci masa gona.'" Ta ci gaba, da maganar ruwan asibiti mai ɗanɗanon ƙarfe, da tagar da ya ce a buɗe, da dariyar da ta sarƙe shi. Ta saurari muryar sau ɗari da wani abu, ba ta tsallake kalma ba. A minti na goma ta tsaya.

"Nan ne kunnena ya tsaya. Kai ka ji sauran."

Ya share ido. "Cewa ya yi, 'Na bar wa ragon nan matata. In ya bari ta yi Asabar ita kaɗai, ban yafe ba.'"

"Ƙarya kake!"

"Wallahi."

"Shekara biyu ba ka faɗa ba?"

"Kin ce daga bakinsa kike son ji."

Ta dube shi, ta dubi lasifikar. Sai ta yi 'yar dariya, hawaye na bin kuncinta.

"To tunda mai ƙaryata ka ba zai ƙara magana ba, ka ci." Ta laluba ƙarƙashin matashi, ta ciro mabuɗin ɗakin marigayin, wanda ba a buɗe ba tun rasuwarsa, ta jefa a cikin kwalin kusa da kofin. "Kai furenka can, tagar tana samun rana. Ƙofar ba ta neman kati."