Rediyon Baba na Ƙarfe Huɗu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da abin da ya faru kwana uku da rasuwar Babanmu. Har gobe idan na wuce ta layinmu a Bukan Sidi, na san akwai mai nuna ni da baki.

Ni mai aikin wuta ne, ina da ɗan shago a bakin titi. Baba ne ya laƙaba mini "Injiniya" (da tsokana yake faɗa, ni kuwa na riƙe da gaske). Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, sai ya kafa mini doka: kullum ƙarfe huɗu in zo in kunna masa rediyo, wai babu wanda ya iya kamo masa tasha sai ni. Nakan rufe shago in hau acaba in je, in kunna, in zauna a bakin gado muna saurare, yana kushe masu labarai da rabin bakinsa.

Da aiki ya yi mini yawa sai wayona ya motsa. Na sayo taima, ɗan akwati da bai fi sabulu girma ba, mai agogo a fuska. Kai za ka sa masa lokaci. Idan lokacin ya yi sai ka ji ƙas, ya saki wuta, idan ya cika ya datse. Na haɗa shi da rediyon, na sa ya kunna ƙarfe huɗu ya kashe ƙarfe biyar, na ƙure murya saboda kunnen Baba ya yi nauyi.

Na ce, "Baba, daga yau ko ina Kwandere, rediyonka zai kunna kansa."

Ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya ce, "Injiniya, shi ma zai zauna?"

Wallahi dariya na yi. Na ɗauka barkwanci ne.

Zuwan kullum ya koma na Juma'a, na Juma'a ya koma kiran waya. Ranar da ya cika ina kan tsani a gidan wani, ina ɗaura fanka.

Tun ranar jana'iza babu wuta a unguwar, shi ya sa na manta da taiman kwata-kwata. Shi kuwa bai manta ba, don akwai ɗan batir a cikinsa da ke riƙe masa lokaci. Rana ta uku bayan la'asar, maza sun cika tabarmi a ƙofar gida, daidai ƙarƙashin tagar Baba, mata na tsakar gida. Ashe an dawo da wuta ba wanda ya lura. Liman ya ɗaga hannu, kowa ya sunkuyar da kai.

Ƙas!

Kalangu ya ɓarke daga ɗakin mamaci, ɗakin da ke kulle tun da aka fito da shi. Ba ƙaramin kiɗa ba, irin na biki, har da guɗa. Mama Ladi maƙwabciyarmu, mai sayar da doya, ta watsar da tiren abinci tana ihu, "Yesu! Baba ya dawo!" Mata suka yi waje, wasu ba takalmi. Na ruga na tarar da ƙofa a kulle, na dawo na zura hannu ta taga, rabin jikina a ciki, sauran yana fuskantar liman, amma hannuna bai kai ga rediyon ba. (Ni Injiniya guda, ko kaɗan bai zo mini in je in zare fiyus ba.)

Kawu, ƙanen Baba, ya daka tsawa, "Wane marar kunya ne ya kunna?"

Na ce, "Ba kowa, Kawu. Shi ya kunna kansa."

Nan wasu maza ma suka fara neman takalmansu. Dole na tsaya gaban jama'a ina bayani, gumi na zuba, kiɗa na tashi a bayana: yadda na sa shi, da dalilin sa shi. Kawu ya saurara har na gama.

Ya ce, "Wato kai ba ka zuwa ke nan."

Bai ɗaga murya ba. Da ma mari ya ba ni.

Da mutane suka ragu na karɓi makulli wurin Inna, mahaifiyarmu, na shiga zan kwance abin. Ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa.

"Bar shi," in ji ta. "Kai kana ganin ban iya kunna rediyo ba ne? Shekara arba'in ni ke kunna masa. Kullum wannan abu ya ce ƙas, ba rediyon yake kallo ba, ƙofa yake kallo."

Na zauna a bakin gadon, inda na saba zama, na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Har yanzu ina sa wa mutane taima, a famfon burtsatse, a firji, a fitilar kaji. Yana aiki, ban taɓa jin ya makara ba. Sai dai nakan ce musu abin zai kunna komai, amma bai iya sallama ba. Su yi dariya, ni ma in taya su.

Yanzu kullum huɗu saura kwata nake rufe shago in tafi wurin Inna. Nakan riga taiman isa. Mai kallon ƙofar ne dai ba ya nan.