Ƙafar da ta Dahu a Hamada

Daga Bronx, inda muke zaune a ƙasar waje, ni da matata muka tafi hamadar jihar Nevada ganin wata maɓuɓɓugar ruwan zafi. Mai gadin wurin ya ce gwamnati da makiyaya na rikici kan filin, kuma ruwan yana ƙona fata. Nan take na harbo jirginsa.

"Ƙarya ce," na raɗa mata. "A Kano ma mai son cinye fili cewa yake akwai aljanu a ciki."

"Abban Hanifa, ka dai karanta allon gargaɗin."

Na naɗe wando cikin ƙasaita, na tsoma ƙafa. Ihuna ya fi ƙarar jirgin ƙasan da ke ratsa unguwarmu ta Parkchester.

Ta rantse ba ta faɗa wa kowa ba. Amma duk Juma'a a masallacin unguwarmu sai an tambaye ni, "Alhaji, ƙafar ta dahu, ko a ƙara wuta?"